Ranar da Taubashiya Ta Sa Kakin Mijina

Ban taɓa shan yabo a rayuwata kamar lokacin da nake kashe kaina da yunwa ba. A Unguwar Sarki ne, cikin Kaduna, 'yan shekaru kafin Turawa su naɗe kayansu su tafi. Mijina ya kwanta ciwon sanƙarau a tsakiyar bazara, bai daɗe ba ya cika, ya bar ni da jaririya mai shan nono, da keke, da kaki wankakke a rataye a ƙusa. Ban yi kuka ba. Ban kuma ci abinci ba. Na farkon kowa ya gani ya yaba. Na biyun kuwa babu wanda ya lura da shi sai akuyar gidan, wadda ta yi ƙiba a kwanakin nan har tana tafiya da ƙyar.

Mu mutanen duwatsu ne, daga wani ƙauye a kudancin lardin Zazzau. A can aka yi mana baftisma, a can aka ɗaura mana aure, sannan ya samu aikin masinja a ofishin gwamnati ya kawo ni birni. Muka kama ɗaki ɗaya a gidan wata dattijuwa Bazazzagiya da kowa yake kira Goggo. Mijinta tsohon akawu ne, ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yanta maza duk suna ofis. Mu kaɗai ne Kirista a gidan, kuma wannan bai taɓa hana ta ara mini tukunya ko yi mini faɗa a kan shara ba.

Mijina mutumin kirki ne. Ba ya sha, ba ya duka, kuma da ya kula da ni rabin yadda yake kula da kekensa, da matan unguwa sun mutu da hassada. Aibinsa guda ne: addu'ar abinci. Idan na ajiye tuwo, zai wanke hannu, ya cire jar dararsa ya ɗora a gwiwa, ya yi gyaran murya, sannan ya fara. Ba ya gode wa Allah don tuwon da ke gabansa sai ya bi ta kan duniya tukuna. Zai yi wa masu noman dawa addu'a, da masu sussuka, da jakin da ya kawo ta kasuwa. Daga nan ya shiga hukuma, kuma shi masinja ne, ya san matsayin kowa, ba ya tsallake tebur. Daga babban akawu zuwa Razdan, daga Razdan zuwa Gwamna, daga Gwamna zuwa Sarauniyar Ingila. Wani lokaci idan abin ya yi masa daɗi sai ya manta da wanda yake magana, ya ce wa Ubangiji, "Ranka ya daɗe."

Ni kuwa ina zaune, ina kallon miya tana yin fata a sama. Idan yunwa ta kai mini iya wuya sai in ɗaga murya in ce, "Amin!"

Sai ya buɗe ido ɗaya. "Mace, ban kai Gwamna ba tukuna."

"Gwamna ya ci nasa tun ɗazu."

Sai ya girgiza kai kamar wanda aka yi wa rashin adalci, ya miƙa hannu a kwano. Haka muke yi kusan kullum. Ban san shi ne ginshiƙin ɗakina ba sai da ya faɗi.

Bayan an binne shi, aka ajiye mini tuwo, na wanke hannu, na zauna ina jira. Can sai na gane abin da nake jira. Babu mai yin addu'ar. Ni kuwa tun ina yarinya a makarantar mishan aka dasa mini cewa Kirista ba ya kai loma baki sai ya gode wa Allah. To ni ba zan gode ba. Godiyar me? Na roƙe shi a gefen tabarmar mutumin nan har muryata ta dushe, bai ko waiwayo ba. Saboda haka na yi gaba da Allah, irin gabar da mata ke yi a gida ɗaya: na san yana nan, ya san ina nan, ba mai ce wa wani uffan. Babu magana, babu addu'a. Babu addu'a, babu tuwo. A lokacin lissafin ya yi mini daidai ƙwarai. Ruwa kawai nake kurɓa, don ba a taɓa koya mana yi wa ruwa addu'a ba. Na rufe kwanon, da aka kau da ido na juye wa akuya.

Daga baya aikin ungozoma ya kai ni wurare, na zauna a gidajen makoki da harsuna dabam-dabam. A Kumasi na ga ana raka gawa da kiɗa da rawa da jan zane, har baƙo ya ɗauka biki ne ya nemi amarya. A Hartum na ga mata suna zuba ƙasa a ka suna kururuwar da ke tsinka hanji. A Ingila aka miƙo mini shayi da biskit, kowa yana magana a kan ruwan sama. Kowane gari da hanyarsa ɗaya, mai makoki ya bi ta ya fita. Ni a Kaduna hanyoyi uku aka shimfiɗa mini lokaci guda, na tsaya a mararraba kamar tunkiya.

A ƙauyenmu idan aka yi mutuwa, mace takan fita tsakar gida ta ɗora hannu a ka ta kwarma ihu, tana kiran mamacin da sunayensa, tana tambayarsa wa ya bar wa gonar. Ana ji daga dutse zuwa dutse. Wannan ita ce hanyar da jikina ya sani. Amma a gidan Goggo ba a yin haka. Mata sukan shigo a natse, su durƙusa, su ce, "Ya haƙuri?" ki ce, "Da godiya," su yi shiru kaɗan su tashi. Goggo da kanta ta ja ni gefe tun ranar farko ta ce, "'Yar nan, ban san yadda kuke yi a wajenku ba, amma nan gidan mutunci ne. Hawaye ba laifi. Ihu ne dai ba a so." Hanya ta uku ta Baturiyar mishan ce, wadda muke kira Malama, mai koya wa matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'armu, karatu da ɗinki. Ita ta koya mana cewa kururuwa ta waɗanda ba su da bege ce, mu kuwa mun san inda namu ya tafi, saboda haka sai waƙa.

Goggo ta hana ihu, Malama ta hana ihu, ni kuma ban iya wani kukan ba sai na ihu. Sai na zauna ƙyam, idona a bushe kamar ƙasan murhu.

Nan fa yabo ya tashi. Matan unguwa suna fita suna cewa, "Kai, yarinyar nan akwai tawakkali, sai ka ce ba Kirista ba." Matan majami'a suna fita suna cewa, "Kun ga bangaskiya? Sai ka ce ba 'yar ƙauye ba." A karo na farko tun da aka kafa Kaduna, masallaci da majami'a suka yarda a kan abu ɗaya, kuma dukansu sun yi kuskure.

Wadda ba ta yaba ba ita ce jaririyata. Nono ya soma ja baya. Takan kama, ta ja, ta ja, ta saki ta tsala ihun da aka hana uwarta. Goggo ta dama mini kunun kanwa, irin wanda ake ba mai jego, ta ce in shanye da zafinsa. Akuya ta sha. Malama ta kawo madarar gwangwani, yarinya ta sha ta yi ta zawo, aka daina. Wuyanta ya soma yin laushi, maɗigarta ta soma faɗawa. Ina gani. Ba wai ban gani ba. Amma kamar daga nesa nake gani, kamar 'yar wata ce a ƙetaren kogi.

Ana cikin haka sai uwar zumunta, matar fastonmu, wadda muke kira Mama, ta zo ta ce mini taron mata na ranar Alhamis a gidanmu za a yi shi. Ta riga ta roƙi Goggo, Goggo ta ce tsakar gida ta Allah ce, a dai tashi kafin la'asar. Kuma Malama tana so in miƙe in ba da shaida a kan yadda Ubangiji ya ta'azantar da ni, don sauran mata su ƙarfafa.

Na ce, "To, Mama." Me zan ce? Mai gaba ba ta bayyana wa baƙi gabarta.

Ranar Alhamis da hantsi suka cika tsakar gida. Suka shimfiɗa tabarmi a inuwar bango, aka kawo wa Malama kujera. Sun zo da caki da tulun da suke bugawa a baki da tafin hannu, don mishan ta hana ganga amma ta manta ba ta ce komai a kan tulun ruwa ba. Aka zaunar da ni a tsakiya da yarinya a cinya, kamar kayan da aka kawo nuni. Goggo ta zauna a ƙofar ɗakin girki tana tsince shinkafa, wai ba ta saurare.

Suna tsakiyar waƙa sai muka ji murya daga zaure, ba sallama.

"Ina ɓarawon nan? An ce mini ya gudu!"

Taubashiyar mijina ce, 'yar kawunsa. Tun suna yara suke zagin juna, kamar yadda al'ada ta ba su dama. Shi yana ce mata buhun gero, ita tana ce masa jakin Bature. A unguwar Kawo take zaune, tana dafa burukutu, kuma saboda wannan sana'a dattawan ekklesiya, wato shugabannin majami'armu, sun sa ta a horo tun kafin in zo garin. Wato takan zo sujada amma a bencin baya take zama, ba ta cin Jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki da ake rabawa. Ta daɗe a bencin nan har ya ɗauki siffarta. Tana ƙauye lokacin da aka yi rasuwar, sai yanzu ta dawo. Ta sha cin tuwo a ɗakinmu, ta sha wuyar addu'ar nan tare da ni.

Ta shigo da ƙullin kwano a ka, ƙatuwar mace, tana haki. Waƙa ta mutu a bakin mata.

Mama ta ce, "Ke, ki yi sallama mana. Gidan makoki ne."

"Mama, na sani. Ai makokin nawa ne. Wa zan zaga yanzu? Mutum ya tashi ya tafi bai ko nemi izinina ba. Dama tun yana yaro haka yake, da an ce ga aiki sai ya ɓace."

Wata daga cikin matan ta ce, "A'a, wannan kuma wane irin abu ne?"

Goggo ta amsa daga ƙofar girki, ba ta ko ɗago ba. "Taubashiya ce, ku ƙyale ta. Mu ma muna da su. Sai dai namu sukan tsaya a bakin kabari."

"Goggo, namu har ciki muke bi," in ji ta. Ta sauke kwanon, ta juyo ta dube ni. Ba irin kallon da na saba sha a kwanakin nan ba ne, na sunkuyar da kai da tausayi. Kallon mai sayen kaza ne. Ta dubi wuyana, ta dubi yarinya, ta taɓa mata maɗiga da yatsa. Sannan ta juya ta dubi akuya, wadda ke kwance a gindin turmi tana tuƙa, cikinta kamar salka.

Ta ce, "Goggo, akuyarki ciki gare ta?"

"Ina fa. Ni ma abin yana ba ni mamaki."

Sai ta sunkuyo kusa da kunnena ta yi mini magana da yarenmu, wanda babu mai ji a wurin sai mu biyu. "Matarmu, yaushe rabonki da abinci?"

Na gyara wa yarinya kwanciya a cinya.

"Da wa kike faɗa? Da shi, ko da Mai sama?"

Na kau da ido. Ta ce, "Hm," ta miƙe ta shige ɗakina kamar nata.

Mama ta yi ƙoƙarin ɗinke taron. Ta ce a ci gaba, yanzu 'yar'uwarmu za ta ba mu shaida. Malama ta gyara zama, ta yi mini murmushi. Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba. Sai ƙararrawar keke ta kaɗa a cikin ɗakin.

Ƙarar da nake ji kowace yamma ce idan mijina ya taso daga ofis.

Labule ya ɗaga, ga ta nan ta turo keke. Ta sa rigar kakinsa, maɓallan sun ƙi haɗuwa, kowanne yana kallon ɗan'uwansa daga nesa. Gajeren wandon ya tsaya mata a cinya ya ce ba zai ƙara gaba ba, sai ta ɗaura zane a kansa. Jar dara tana bisa ɗankwali a karkace. A wajenmu haƙƙin taubashi ne ya sa kayan mamaci ya kwaikwaye shi a gaban jama'a, amma ban taɓa zaton za a yi shi a Kaduna ba, a gaban Baturiya, ranar Alhamis.

Mama ta miƙe. "Ke! Ki ji tsoron Allah!"

Ba ta ko dube ta ba. Ta jingine keken a bango a hankali, ta ciro ƙyalle ta goge sirdi, ta ja baya ta duba, ta dawo ta sake gogewa. Haka yake yi. Har yadda yake turo leɓe. Wata mata ta yi tari don ta danne dariya. Sannan ta tako da tafiyarsa, ƙafa a warwatse kamar mai auna fili, ta zauna a gabana, ta ce da muryarsa, ta cikin hanci:

"Mace, ina tuwona?"

Ta jawo kwanon da ta zo da shi ta buɗe. Tuwon acca ne da miyar karkashi, irin na gida, har yanzu da ɗuminsa. Ƙamshin ya buge ni har na ga duhu-duhu. Ta wanke hannu. Ta cire dara ta ɗora a gwiwa. Ta yi gyaran murya.

"Mu yi addu'a."

To ga inda abin ya ɗaure wa kowa. Malama mace ce mai tsari. An ce a yi addu'a, sai ta sunkuyar da kai ta rufe ido. Da Malama ta sunkuya, Mama ba ta da yadda za ta yi, sai ta koma ta zauna ta sunkuya. Sauran mata suka bi. Tsakar gida ta yi tsit, mai burukutu tana jan zumunta addu'a cikin kakin mamaci.

"Ya Ubangiji, ranka ya daɗe," ta fara. "Ga bawanka ya taso daga ofis. Muna gode maka saboda masu noman acca, waɗanda suka sunkuya har bayansu ya ƙage. Muna gode maka saboda matan da suka tattake ta, ko da ba su wanke ƙafa ba. Ka tuna da jakin da ya ɗauko ta, ka ba shi haƙuri, gama shi ma ma'aikaci ne kamarmu. Ka tuna da masu lori a hanyar Zariya, ka ba su birki. Ka tuna da kekena, ya Ubangiji, ka san tayar baya, ba sai na faɗa maka ba. Ka kiyaye ta daga ƙaya, da yaran unguwa, da matata."

Kafaɗun mata suka soma rawa. Mama ta cusa bakin gyale a baki. Ni ban rufe ido ba, tuwon nake kallo.

"Yanzu, ranka ya daɗe, mun zo kan hukuma. Ka tuna da mai share ofis. Ka tuna da ƙaramin akawu, wanda ya aike ni sayen goro a cikin rana, ka gafarta masa, amma kada ka yi sauri. Ka tuna da mai buga tafireta. Ka tuna da babban akawu da basir ɗinsa."

Ta yi ta ja. Ba ta tsallake tebur ko ɗaya ba. Ta bi ofishin nan ɗaki-ɗaki, har da mai gadi da karensa. Ina ganin tururi yana raguwa a kan tuwon. Ina ganin miya tana yin fata a sama. Sai wani abu ya soma tasowa daga cikina, ba baƙin ciki ba, ba bege ba, ba ko ɗaya daga cikin abubuwan da aka zo a ji a shaidata ba. Haushi ne. Tsohon haushin nan na kowace yamma, na mace mai jin yunwa da aka sa ta jiran Razdan. Ban yi shawara da kaina ba. Bakina ne ya buɗe.

"Amin!"

Ta buɗe ido ɗaya. "Mace, ban kai Gwamna ba tukuna."

"Gwamna ya ci nasa tun ɗazu."

Na ji maganar ta fita, na ji ta faɗi a tsakar gida, na jira ya girgiza kai ya miƙa hannu a kwano. Dariya ta kubce mini, guda ɗaya, mummuna, kamar haushin kare. A tsakiyarta ta juye. Ban san lokacin da Goggo ta zare yarinya daga cinyata ba. Na dai samu kaina a tsaye, hannu a ka, ina kwarma ihun duwatsu a tsakiyar Unguwar Sarki. Na kira shi da sunansa na yanka da na baftisma da wanda uwarsa take kiransa. Na tambaye shi wa ya bar wa keken. Na tambaye shi wa zai sanyaya mini tuwo. Da na gama da shi na juya kan Allah, da yarenmu, na faɗa masa duk abin da na tara. Ban zaɓi kalmomi ba. Da dattawa sun ji, da an ƙara benci a baya.

An ce mini Malama ta yunƙura za ta taso, Mama ta riƙe mata hannu ta ce, "Malama, bar ta." An ce matan maƙwabta sun leƙo ta katanga, Goggo ta kore su da hannu ɗaya, tana jijjiga yarinya da ɗayan. Wasu daga cikin matan zumunta, 'yan duwatsu irina ko da yarenmu ba ɗaya ba, waɗanda suka daɗe suna haɗiye nasu, suka kama mini. Mai tulu ta rasa abin yi, sai ta soma bugawa a hankali.

Da na gaji na zube a tabarma, taubashiya tana nan zaune, hawaye ya jiƙa gaban kakin. Ta bar muryarsa, ta koma tata. Ta ce, "Ba a gama ba. Rufe ido."

Na rufe.

"Ubangiji, ka ɗauke shi, ba mu so ba, kuma ka ji abin da ta ce. Ga tuwo. Amin."

Ban taɓa jin gajeriyar addu'a irin wannan ba, kuma ita ce ta farko da ban yi jayayya da ko kalma ɗaya a cikinta ba. Na ce amin, a hankali wannan karon. Ta gutsuro loma ta dangwala a miya ta sa mini a hannu. Tuwon ya huce sarai, daidai yadda na saba cinsa. Na ci. Ta ce in ƙara. Na ƙara. Goggo ta aiko da kunun kanwa, ta tsaya a kaina har na shanye, tana hararar akuya.

Ba a ba da shaida ba ranar. Malama ta zo ta durƙusa a gabana kafin ta tafi, ta riƙe hannuna, hancinta ya yi ja, ba ta ce komai ba. Na ɗauka fushi ne. Sai da na zauna a ƙasarsu na gane su ma suna yin irin nawa, sai dai a banɗaki suke yi, su buɗe famfo don kada a ji.

Nono bai dawo a ranar ba, kada wata ta ce na yi alkawarin mu'ujiza. A hankali ya dawo, da kunu da tuwo da faɗan Goggo. Maɗigar yarinya ta cike. Akuya ta koma yadda Allah ya yi ta. Ni da Ubangiji kuma ba mu shirya nan take ba. Mun dai koma gaisawa. Na daɗe ina yi masa magana da ɗaurarriyar fuska, kuma ban ga ya kore ni ba. Abin da na riƙe ke nan daga wannan shekara, kuma shi nake faɗa wa duk macen da aka yi wa rashi ta kasa addu'a: faɗa ma magana ce. Yana iya ɗauka. Ubangijin da Littafinmu ya ce ya tsaya a bakin kabarin abokinsa ya yi kuka a gaban jama'a ba zai tsorata da ihun 'yar ƙauye ba. Kuma idan zai aiko da ta'aziyya, ba lallai ta shigo da sallama ba.

Dattawan ekklesiya sun zauna a kan maganar. Suka ƙara wa taubashiya horo, saboda mace ta sa kayan maza. Ta ce ba komai, dama bencin gaba ba ya ɗaukarta. Ta tafi da jar darar, tun da haƙƙinta ce, na ji an ce da ita take rufe bakin tulu. Ranar Lahadi na ɗauki yarinya na je na zauna kusa da ita a baya. Mama ta waiwayo ta gan mu, ta juya kamar ba ta gani ba.

Na karɓi haihuwa a ƙasashe da yawa bayan wannan, na kuma je gaisuwar mutuwa fiye da yadda zan iya tunawa. Idan na shiga ba na duba idon mai makoki, don ido ya iya ƙarya da kowane harshe. Kwano nake dubawa. Idan akwai akuya a gidan, ita ma nakan dube ta.

Yarinyar nan ta girma, ta yi jikoki. Ba ta san ubanta ba, ba ta taɓa jin muryarsa ba, kuma ban taɓa koya mata addu'arsa ba. Amma ranar da aka fara ba ta addu'ar abinci a gidana, ta fara daga manoma. Yanzu babu Razdan, babu Sarauniya, sai ta maye gurbinsu da ciyaman da kansila da masu gyaran wuta. Ina zaune, ina kallon miya tana yin fata. Nakan bar ta ta ɗan yi nisa, don ina son jin ubanta a bakinta. Amma ba na barin ta ta kai Gwamna.